Kafin ki zuba man kaɗe a roba

'Yar'uwa mai sana'ar haɗa man shafawa da sabulun salo, ki fara duba abu guda: akwai ruwa a haɗinki ko babu? Man kaɗe zalla, ko wanda aka buga da man kwakwa, yana iya yin watanni lafiya lau. Amma da zarar kin zuba ruwa, ruwan alobera ko madara, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Cikin 'yan kwanaki za ki ga baƙin ɗigo a gefen murfi, wari ya sauya. Irin wannan haɗin sai da sinadarin hana lalacewa, kuma ba aibu ba ne a saka shi. In ba ki iya auna shi ba, tsaya kan haɗin mai zalla.

Batun mazubi kuwa, man kaɗe na narkewa a zafin bazara. Robar da murfinta bai kama ba za ta yi yoyo a jakar ɗan aike kafin ta isa Zariya. Ki sayi mai murfin murɗawa, ki kife guda a rana ki gwada. Mai na ruwa yana son kwalba mai duhu, domin haske na saurin ɓata shi. A takardar jikin mazubin ki rubuta kayan haɗi da ranar haɗawa, sannan ki nemi rajistar NAFDAC.

Masu saye za su matsa miki da neman mai sa fari. Don Allah kada ki cusa maganin bilicin a ɓoye ki kira shi na gargajiya. Fatar mutane amana ce a hannunki.