Darasi na 12: Begen Mai Bi a Bakin Kabari

Abin karantawa: 1 Tasalonikawa 4:13-18
Ayar haddacewa: 1 Tasalonikawa 4:14

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce mutuwa rigar kowa ce. Da wuya shekara ta zagayo ikilisiya ba ta raka wani nata zuwa kabari ba: ko tsoho wanda ya cika kwanakinsa, ko mace a bakin haihuwa, ko jariri wanda zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana biyu. A irin ranar nan ake gane abin da mai bi ya riƙe a zuciyarsa. Waɗansu sukan fid da zuciya sarai, sai ka ce ba su taɓa jin Bishara ba. Waɗansu kuwa sukan danne hawayensu, suna tsammani kuka rashin bangaskiya ne. A cikin ayoyi shida ɗin nan Manzo Bulus yana koya mana yadda mai bi zai yi baƙin ciki na gaske, ya kuma riƙe bege na gaske, duka biyu a zuciya ɗaya.

1. Mutanen da aka rubuta wa wasiƙar

Tasalonika babban birnin lardin Makidoniya ne a zamanin mulkin Romawa. Yana bakin teku, babbar hanyar Romawa kuma ta ratsa ta cikinsa, saboda haka ya cika da fatake da baƙi. Birnin yana nan har wa yau, shi ne na biyu wajen girma a ƙasar Girka. Bulus da Sila suka iso can daga Filibi, tafiyar mil wajen 100, bayan an bulale su an kuma ɗaure su. Ayyukan Manzanni sura 17 ta faɗa mana Bulus ya yi Asabar uku yana muhawara a majami'ar Yahudawa. Waɗansu suka ba da gaskiya, amma aka ta da tarzoma, aka auka wa gidan Yason mai masaukinsu, har 'yan'uwa suka fitar da su da dare zuwa Biriya.

Ashe kuwa an raba malami da almajiransa tun karatu bai yi nisa ba. Daga Atina Bulus ya aiki Timoti ya dubo su. Timoti ya same shi a Koranti da labari mai daɗi, cewa suna nan a tsaye, sai Bulus ya rubuta musu. Wannan ya faru wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Ubangijinmu. Wani rubutun dutse da aka tono a Delfi ya nuna Galiyo, wanda aka kai Bulus gabansa a Koranti, ya yi mulkin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52. Wasiƙar nan tana cikin littattafan Sabon Alkawari da aka fara rubutawa, shekara wajen 20 kaɗai bayan gicciye Kristi.

Sabbin masu bin nan suna sauraron komowar Ubangiji kowace rana. Ana nan sai mutuwa ta shiga tsakaninsu. Tambaya ta taso wadda ta hana su barci: waɗanda suka riga mu, sun yi hasara ke nan? Ubangiji zai zo ya tarar ba su nan? Amsar wannan tambaya ita ce karatunmu na yau.

2. Ba a hana mu kuka ba

Mu dubi aya ta 13 da kyau. Abin da Bulus ya hana shi ne irin baƙin cikin marasa bege. Bai hana baƙin ciki kansa ba. Ubangiji Yesu ya sani sarai zai ta da Li'azaru, duk da haka hawaye suka zubo masa a Betanya, har masu kallo suka shaida irin ƙaunar da yake yi wa abokinsa. Sa'ad da aka jejjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai yawa. Bulus kansa ya shaida wa Filibiyawa cewa da Abafaroditas ya mutu a ciwon nan nasa, da baƙin ciki ya ninku a kansa.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran mutuwa abokiya ba. A 1 Korantiyawa sura 15 an kira ta maƙiyiya, ta ƙarshe da za a hallaka. Ta wurin zunubi ta shigo duniya, tana raba abin da Allah ya haɗa. Wanda ya yi kuka a kanta ya faɗi gaskiya game da ita. Don haka kada mu tsauta wa matar da mijinta ya rasu, ko uwar da ta binne ɗanta, mu ce hawayenta sun kunyata ikilisiya.

To, su wane ne marasa bege? Yawancin mutanen zamanin Bulus suna tsammani matattu sukan gangara wani wuri mai duhu, su zama kamar inuwa, babu komowa. A kan waɗansu kaburburan Romawa an rubuta cewa mamacin dā ba ya nan, ya zo, ya shuɗe, yanzu babu ruwansa da kome. Kukan irin waɗannan mutane kukan rabuwa ne ta har abada. Namu kuwa kukan rabuwa ne ta ɗan lokaci.

3. Abin da ya sa ya ce barci

Sau uku a ayoyi 13 zuwa 15 Bulus ya kira matattun masu bi masu barci. Wurin Ubangijinsa ya koyi wannan, gama haka Yesu ya faɗa a kan 'yar Yayirus da kuma Li'azaru. A Hausa ma akan ce barci ƙanin mutuwa, akan kuma kira kabari makwanci. Al'ummai da yawa suna wannan kamance, amma a bakin mai bi yana da ma'anar da ta fi ta sauran, domin mai barci yana da mai tashinsa. Masu bi na farko suka riƙa kiran maƙabartarsu da kalmar Helenanci wadda ma'anarta ita ce ɗakin kwana. Wanda ya shiga ɗakin kwana, safiya yake jira.

Sai mu lura, jiki ne yake barci. Mai bi kansa yana wurin Ubangiji tun daga sa'ar da ya cika. Yesu ya yi wa ɓarawon da ya tuba a kan gicciye alkawarin Firdausi a ranar nan, tare da shi. A Filibiyawa sura 1 Bulus ya ce barin duniya zuwa wurin Kristi ya fiye masa zama nesa ba kusa ba. Matattunmu cikin Kristi ba sa yawo a jeji ko a bayan gida, ba sa jin yunwa ko ƙishi, ba sa fushi da mu. Ba su bukatar a zuba musu kome a kan kabari.

4. Tushen begenmu

Kalmar bege tana bukatar bayani. A maganar yau da kullum, in mutum yana begen wani, marmarinsa yake yi. In ya ce yana fata, watakila abin ya faru, watakila ba zai faru ba. Manomi yana fatan ruwa, amma ba shi da tabbaci. Kalmar da Bulus ya mora ta fi wannan ƙarfi: jiran abin da aka tabbata yana zuwa, domin wanda ya yi alkawari ba ya ƙarya. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya fassara ta da bege, fassarar da ta biyo baya kuma ta ce sa zuciya. Dukansu biyu suna riƙe da gefen gaskiya, gama muna marmarin ranar, muna kuma dogara za ta zo.

Aya ta 14 ta nuna inda aka kafa wannan bege: Yesu ya mutu, ya kuma tashi. Abu ne da ya faru a Urushalima, a zamanin Bilatus, a gaban shaidu. Bulus ya lissafta su ga Korantiyawa: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutu, da Yakubu, daga baya kuma shi kansa. Mu lura kuma, a kan Yesu bai ce barci ba, ya ce mutuwa. Ya sha ɗacin mutuwa dukansa, da hukuncin zunubi a ciki, domin tamu ta zama barci.

Bulus ya kira Kristi nunan fari. Kowane manomi ya san wannan. Ran da aka karyo zangarniyar farko ta gero aka kawo gida, an san sauran gonar tana tafe, gama shuka ɗaya ce, ruwa ɗaya ya shayar da su. Haka tashin Kristi da tashin nasa girbi ɗaya ne. Jikin da muke sa wa a rami kamar ƙwayar dawa ne da aka binne da ruwan fari: abin da zai fito shi ne dai, amma da daraja wadda ƙwayar ba ta taɓa nunawa ba, marar ruɓa, marar ciwo.

5. Ranar komowar Ubangiji

A ayoyi 15 zuwa 17 Bulus ya jera abin da zai faru, bisa ga maganar Ubangiji. Shi kansa zai sauko daga sama, ba zai aiko wakili ba. Za a ji kira mai iko, da muryar babban mala'ika, da busar ƙaho. Matattu cikin Kristi ne za su fara tashi. Sa'an nan za a ɗauke masu rai tare da su, su taryi Ubangiji. Ga amsar Tasalonikawa ke nan: waɗanda suke tsoro za a bari a baya, su ne a gaba.

Kalmar tarye a nan ita ce ake mora sa'ad da mutanen birni suka fita bayan ganuwa domin su marabci sarki ko babban baƙo, kamar yadda 'yan'uwa na Roma suka yi tafiya mai nisa suka taryi Bulus a hanya. Mu ma mun san taryen sarki, yadda gari yakan fita, manya da yara. A taryen nan babu mai bi ko ɗaya da za a rasa.

Bulus bai faɗi rana ko shekara ba, a sura 5 ma ya ce za ta zo ba zato, kamar ɓarawo da dare. Duk wanda ya sa mata rana ya wuce abin da aka rubuta. Abu biyu manzon ya nanata: za mu kasance tare da su, za mu kuma kasance tare da Ubangiji har abada. Wannan shi ne rai na har abada. Tsawon kwanaki kawai ba tare da Kristi ba, ai ba albarka ba ne.

6. Yadda begen nan yake aiki a cikinmu

Aya ta 18 umarni ce: mu ta'azantar da juna da wannan koyarwa. Sa'ad da muka je gaisuwar makoki, haƙuri da muke bayarwa yana da kyau, amma kada mu tsaya nan. Mu zauna, mu saurara, sa'an nan mu karanta musu ayoyin nan, mu yi addu'a. Bayan jama'a sun watse, a nan ne kaɗaici yake farawa. Mu koma bayan wata ɗaya, mu koma da damina mu taya gwauruwa noma, mu kula da karatun marayu.

Begen nan yana 'yantar da mu daga tsoro. Mai bi ba ya zuwa wurin boka ko mai duba ya tambaya wa ya ci ɗan'uwansa, ba ya kuwa ɗora wa wata tsohuwa maita. Mabuɗan mutuwa suna hannun Kristi. Ba ma bukata mu ci bashin da zai talauta marayu domin a ce an yi jana'iza ta gani ta faɗa.

Yana kuma ba da ƙarfin hali. A wajen shekara ta 260 annoba ta auka wa Iskandariya ta Masar. Diyonisiyas, shugaban ikilisiyar birnin, ya rubuta yadda mutane suka guje wa nasu, masu bi kuwa suka yi jiyyar marasa lafiya, suka wanke gawawwaki suka binne, da yawansu suka kamu suka mutu. A ƙasarmu ta Nijeriya ma, samari uku suka sauka Legas a Disamba 1893 domin su kai Bishara arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya ragu. A idon duniya hasara ce. Ikilisiyoyi masu yawa da suka fito daga aikin nan suna shaida wahala cikin Ubangiji ba ta zama banza.

Akwai tambaya mai nauyi da ta rage: waɗanda suka mutu ba mu san sun ba da gaskiya ba fa? Alkawarin ayoyin nan na waɗanda suke cikin Kristi ne, ba mu da iko mu faɗaɗa shi. Amma ba mu ne masu shari'a ba, ba mu kuwa san abin da ya wuce tsakanin mutum da Allah a sa'arsa ta ƙarshe ba. Mu bar su a hannun Mai Shari'ar dukan duniya, wanda ba ya zalunci. Masu rai ne aikinmu. Kowannenmu kuma ya tambayi kansa yau ko yana cikin Kristi, gama ba wanda ya san gawar fari.

Tambayoyi

1. Mene ne ya dami masu bi na Tasalonika, wace amsa kuma Bulus ya ba su?
2. Ina bambanci tsakanin baƙin cikin mai bi da na marar bege?
3. Don me Bulus ya ce masu bi suna barci, amma Yesu ya mutu?
4. Waɗanne al'adun makoki na wurinmu suka dace da begen nan, waɗanne ne kuma suka saɓa masa?
5. Wa ya yi rashi a ikilisiyarmu a shekarar nan? Me za mu yi masa cikin makon nan?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, wanda ka ta da Ubangijinmu Yesu daga matattu, ka dubi bayinka masu makoki. Ka kafa zukatanmu a kan alkawarinka, ka koya mana mu ɗauki nauyin juna, ka kiyaye mu cikin bangaskiya har ranar da za mu tarye shi tare da waɗanda suka riga mu. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.