Shin barkwanci ya halatta tsakanin Kiristoci?

Ɗan'uwa daga Sabon Garin Kano, ya halatta mana. Abin da Manzo Bulus ya hana a Afisawa 5:4 shi ne batsa da maganar banza, Karin Magana 17:22 kuwa ta kwatanta farin cikin zuciya da magani.

Tun wajen 1913 ƙabilu ke cakuɗe a unguwarku. A harabar majami'ar Our Lady of Fatima bayan sujada, Bayarabe kan tsokani Ibo da son ciniki, shi kuma ya rama da yawan barkonon miyarsa, kamar taubasai. Wannan wasa yana burge ni ƙwarai. Amma kada ka taɓa nakasar mutum, rashin haihuwarsa ko ɗariƙarsa. In ka ga ya ɓata rai, ba shi haƙuri nan take.