Darasi: Dokar Zaure da Hanyar Sulhu a WhatsApp

A yau ƙungiyoyinmu da dama a Birnin Kebbi da Argungu, daga Zumuntar Mata zuwa mawaƙa da matasa, suna da zaurensu a WhatsApp. Nan ake sanar da rasuwa, da haihuwa, da lokacin taro. Amma magana zarar bunu ce. Abin da ɗan yatsa ya aika cikin fushi yakan isa gidaje ɗari kafin zuciya ta huce.

Ba mu manta ba cewa ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bayan gardama a kan saƙon murya a zauren 'yan ajinsu. Babu maganar da ta halatta zubar da jini, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah sun yi tir da kisan. Bayan kwana biyu tarzoma ta tashi, aka kai hari kan majami'u, gwamnati ta hana fita dare da rana. Daga zaure guda wutar ta kama gari.

Mu dubi Argungu. Bikin kamun kifi ya kahu ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, alamar cewa tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato ta ƙare. Dubban masunta sukan tsaya a bakin Matan Fada da homa da gora, amma ba mai shiga ruwa sai an ba da izini. Doka ce ta sa taron ya zama biki. Haka kowane zaure yake bukatar tasa.

Na ɗaya, a rubuta dalilin kafa zauren, a karanta wa kowane sabon shiga. Na biyu, kada a zagi kowa, ko kabilarsa, ko addininsa. Na uku, kada a tura labarin da ba a tabbatar ba. Na huɗu, asirin ɗan'uwa ba ya fita daga zaure zuwa wani. Na biyar, masu kula su zama biyu ko uku, dattawan kirki, domin kada hukunci ya zauna a hannun mutum ɗaya.

In rikici ya tashi fa? Linjilar Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa matakai uku. Da fari ka sami wanda ya ɓata maka rai, ku biyu kaɗai. A kira shi ko a je gidansa, ba a amsa masa a gaban jama'a ba. In ya ƙi, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Sai in wannan ya gagara a kai wa ikilisiya. Masu kula kuwa su rufe zauren na ɗan lokaci, su saurari ɓangarorin biyu. Cire mutum shi ne mataki na ƙarshe, kuma a bar masa ƙofar komowa.

Tambayoyi domin taron mako: Zaurenmu yana da doka a rubuce? Wa na ɓata wa rai da saƙona, ban kuwa nemi gafararsa ba tukuna?

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.