Wayoyin Japan da Darasin da Ke Cikinsu Ga Ɗalibin Fadama

A duk lokacin da hirar waya ta tashi a hostal, sunaye uku zuwa huɗu ne ke yawo: Tecno, Infinix, Samsung, sai iPhone ga masu hali. Da wuya ka ji an ambaci Sharp ko Kyocera. Alhali abubuwa da yawa da muke taƙama da su a wayoyinmu, a Japan suka fara tsayuwa da ƙafarsu. Darasinmu na yau a kan waɗannan wayoyi ne, da abin da ɗan Miga, Auyo ko Haɗeja zai tsinta a ciki, ko a matsayin mai saye, ko a matsayin injiniyan gobe.

Taƙaitaccen tarihi

A watan Fabrairun 1999 kamfanin NTT DoCoMo ya buɗe tsarin i-mode, wanda ya ba mutane damar shiga intanet da aika imel daga wayar hannu, tun kafin layin GSM ya iso Najeriya a 2001. Don wannan tsari ne Shigetaka Kurita ya zana 'yan hotunan nan 176 da ke cikin kakannin emoji. Kalmar kanta ta Japananci ce. A ƙarshen 2000 Sharp ya fitar da J-SH04, ɗaya daga cikin wayoyin farko masu kyamara. A 2001 DoCoMo ya fara 3G, a 2004 kuma aka fara biyan kuɗi a shago ta hanyar kara waya a jikin na'ura, da fasahar FeliCa ta kamfanin Sony.

To me ya hana su mamaye duniya? Japan ba ta taɓa amfani da GSM ba, tsarinta daban ta gina, kuma kamfanoninta sun ƙera wayoyi don kasuwar gida kawai. Da iPhone ta shiga ƙasar a 2008, sai ta yi ta cinye kasuwar. Su da kansu suka laƙaba wa tsofaffin wayoyinsu suna "garakei", wato wayoyin Galapagos, tsibiran nan da halittunsu suka bambanta da na ko'ina saboda zaman kaɗaici.

Me ya bambanta sababbinsu?

Waɗanda suka rage a fagen, kowa da inda ya sa gaba. Sony na yin jerin Xperia, waɗanda har yanzu ke da ramin iyafis da gurbin memori, abubuwan da manyan wayoyi da yawa suka watsar. Sharp na yin Aquos, ƙarfinsa a sikirin mai tattalin caji. Kyocera na da Torque, wayar 'yan aikin ƙarfi: tana jure faɗuwa da ruwan gishiri, kuma ana iya cire batirinta a sa wani. FCNT, wanda Lenovo ya saya a 2023, na yin Raku-Raku don tsofaffi, mai manyan rubutu da sauƙin latsawa, da kuma arrows, wadda akwai samfurinta da ake wankewa da sabulu.

Abin da kusan dukkansu suka haɗu a kai shi ne jure ruwa. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama da guguwa, mutanenta kuma na shiga wanka da waya, sai kasuwa ta tilasta wa maƙera. Haka kuma tun 2007 wayoyinsu ke karɓar gargaɗin girgizar ƙasa: saƙo ɗaya ake watsawa daga turakun sabis, ya faɗa duk wayar da ke yankin a lokaci guda, ba sai an san lambar kowa ba.

Yadda ake karanta lambar IP

Nan ne gundarin darasin. In ka ga an rubuta IP68 a kwalin waya, ba ado ba ne, ma'auni ne na duniya mai lamba IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Shida na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce. Huɗu na nufin fantsama kawai. Biyar, feshin ruwa daga tiyo. Bakwai, nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Takwas, fiye da haka, gwargwadon abin da kamfanin ya ayyana. In ka ga harafin X, kamar IPX8, ba a ba da sakamakon gwajin wannan ɓangaren ba.

Shi ya sa wayoyin Japan kan ɗauki lamba biyu, IPX5 da IPX8: wadda ta jure nutsewa ba lallai ta jure feshi mai ƙarfi ba, gwaji biyu ne daban. Mu nan lambobin biyu duk namu ne, hunturu ya kawo ƙura, damina ta kawo ruwa.

Sai dai a kula. Da ruwa mai tsabta ake gwajin, ba ruwan ambaliya mai laka ba. Robar da ke toshe kafofin tana saki da tsufa, kuma da zarar mai gyara ya buɗe bayan wayar ya mayar da gam ɗin kasuwa, to lambar nan ta zama tarihi.

Kafin ka saya

In ka ci karo da irinsu ta hannu a Farm Centre ta Kano, kada arha ta ruɗe ka, arha ba ta ado. Duba abu huɗu. Na ɗaya, kulle: sai a Oktoban 2021 aka hana kamfanonin Japan kulle waya a kan layinsu, don haka tsohuwa na iya ƙin sim ɗinka. Sa naka a gaban mai shago, ka kira, ka kunna data. Na biyu, zangon sabis: layukanmu na 4G sun fi amfani da zango na 3, 7 da 20, wayoyin cikin gidan Japan kuwa da yawa ba su da na 20, wanda ke kaiwa nesa. Tana iya yin gudu a Dutse, ta yi shiru a ƙauye. Na uku, da yawansu sim ɗaya suke ɗauka. Na huɗu, kayan gyara: in sikirin ya fashe, samunsa aiki ne. Ƙari a kan haka, yawancinsu ba a iya kashe ƙarar kyamararsu.

In kuma waya ta faɗa ruwa, kashe ta nan take, cire sim, kada ka sa caji, ka ajiye ta a inuwa mai iska. Binne ta a buhun shinkafa ba magani ba ne, ko da muna garin shinkafa. Kamfanin Apple ma ya yi gargaɗi a kan haka.

Ina namu?

Japan ta ƙera don ruwanta da girgizar ƙasarta. Transsion, kamfanin Sin mai Tecno da itel, ya ci kasuwarmu ne da sim biyu, batir mai daɗewa da kyamarar da ke fito da baƙar fata. Duka biyun matsalar mutane suka fara dubawa kafin su zana.

Mu tamu matsalar a fili take. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san awa kaɗan na gargaɗi na iya tsirar da hatsi, dabbobi da rayuka. Kogin Haɗeja daga sama yake ɗauko ruwansa, ta madatsun Tiga da Challawa, wato ruwan na yin tafiya kafin ya iso mu. 'Yan lantarki da 'yan kwamfuta, ga furojet: na'urar auna tashin ruwa mai aiki da sola, wadda za ta tura saƙon murya da Hausa zuwa ƙaramar wayar manomi. Amma a gina ta a kan tsarin da kowace waya ke ganewa, kada mu maimaita kuskuren Galapagos. Wanda zai zaɓi maudu'i a zangon nan, ya kai wa malaminsa wannan kafin damina ta kankama. Allah Ya ba mu sa'a.