Darasi: Yara Nawa Ne a Makarantar Ƙauyenmu?

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Nijeriya ta buɗe shirin ilimin furamare kyauta, wato UPE. An yi tanadi domin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun zo. Ɗakuna suka kasa, malamai suka kasa, waɗansu yara suka yi karatu a gindin itace. Ba a san yawan yaran sosai ba tun da fari. Abin da ya sami ƙasa duka yana iya samun ƙaramar makarantarmu, in ba mu ƙidaya ba.

Hedimasta yana da littafin rajista. Mu roƙe shi mu duba abu uku tare.

Na ɗaya, mu gwada aji ɗaya da aji shida. A ce yara 40 suka shiga aji ɗaya, amma 15 kaɗai suka kai aji shida. Ina sauran 25? Kowannensu yana da suna da gida.

Na biyu, mu ƙidaya 'yan mata dabam, maza dabam. Sau da yawa talla da aikin gida da auren wuri su ne ke janye 'yan mata daga manyan azuzuwa.

Na uku, mu duba unguwannin da yaran ke fitowa. Ko akwai 'ya'yan makiyaya? Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, amma ruga da ke kusa da mu maƙwabtanmu ne. Mu lura kuma da lokacin noma da girbi, sa'ad da suna yake cikin littafi amma yaro yana gona.

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa 'ya'yansu a furamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta. In muka je neman malami ko sabon ɗaki a hukumar ilimi ta Ƙaramar Hukuma, lissafin da ke hannunmu shi zai yi mana magana.

Aikin wannan wata: mu tafi tare da mai unguwa gida gida, mu rubuta kowane yaro da ya kai shekara 6. Sa'an nan mu gwada da rajista. Wanda ba mu ga sunansa ba, mu ziyarci iyayensa cikin ladabi, mu ji dalili.