In An Tambaye Mu, Me Za Mu Ce?

Karatu: Luka 12:11-12, Ayyukan Manzanni 4:5-13, 1 Bitrus 3:15-16

'Yan'uwa cikin Kristi, mu masu bi na ƙasar Haɗeja mun san ba mu da yawa. A Birniwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sau da yawa mai bi shi kaɗai ne a unguwarsu, ko a layin masu awon riɗi ran kasuwa, ko cikin masu yankan shinkafa a fadama. Saboda haka tambaya ba ta wuce mu. "Kai da kake Bahaushe, me ya kai ka addinin Nasara?" "Yaya kuke cewa Allah yana da ɗa?" Wani gabansa yakan faɗi, ya yi murmushi ya kawar da zancen. Wani kuwa ya ɗauki zafi, ya yi ta gardama har kasuwa ta watse. Su biyun ciwonsu ɗaya ne: kowa yana tsammani amsar tana wuyansa shi kaɗai.

Ubangiji Yesu ya riga ya faɗa wa almajiransa za a kai su gaban majami'u da mahukunta. Ya hana su alhini a kan abin da za su faɗa, gama Ruhu Mai Tsarki zai koya musu a sa'ar nan. Mu lura, a sa'ar ne. Bai ce zai ba su amsar tun bara su ajiye a rumbu ba.

Mu dubi Bitrus. A daren da aka kama Yesu ya dogara ga ƙarfin zuciyarsa, har ya yi alkawarin bin Ubangiji zuwa kurkuku da mutuwa. Amma wata baiwa ce kawai ta dube shi a bakin wuta, sai ya yi musu. Ba a daɗe ba, ga shi tsaye gaban Hanana da Kayafa da dukan majalisa, cike da Ruhu Mai Tsarki, yana ba da amsa sarai. Suka yi mamaki, domin sun ga shi da Yohanna ba masu zurfin karatu ba ne, suka kuma shaida sun zauna tare da Yesu.

A nan waɗansu sukan ruɗe, su ce tun da Ruhu zai ba da magana, ina amfanin wahalar karatu? Wannan ragwanci ne da aka sa wa rigar bangaskiya. Amsar Bitrus a ranar nan daga Zabura 118 ta fito, zancen dutsen da magina suka ƙi, kuma ya riga ya ji ta daga bakin Yesu. A Yohanna 14:26 aikin Ruhu shi ne ya tuna mana abin da Ubangiji ya faɗa. To, ana tuna wa mutum abin da bai taɓa ji ba? Manomin fadama ba shi ke kawo ruwan kogin Haɗeja ba, daga nesa yake zuwa a lokacinsa. Amma in ruwan ya iso ya tarar ba a yi shuka ba, sai ciyawa. Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Abin kunya ne ya kwana cikin akwati daga Lahadi zuwa Lahadi.

Bishewar Allah ba ga kalmomi kaɗai take ba. Tana nuna mana wane ne a gabanmu. Yesu ya zauna da Nikodimu da dare ya yi masa bayani mai tsawo. Waɗanda suka zo da tarko a kan ikonsa, ya mai da musu da tambaya. A gaban Hirudus kuwa bai ce uffan ba. Mu ba mu ganin zuciya, shi ya sa muke bukatar wanda yake gani.

Ga misali daga ƙasarmu. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani Malam Ibrahim wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Ba a yi masa baftisma ba, ba ya kuma cikin wata ekklesiya. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Miller na C.M.S. a Zariya suna tambayar labarin Isa. Daga wannan tambaya aka sami jama'ar masu bi a Gimi. Ciwon barci ya ci da yawa daga cikinsu, amma iri bai ƙare ba, ya tsira a Wusasa. Shekaru masu yawa tambayar nan ta yi tana tafiya daga uba zuwa ɗa. Wa ya sani ko wanda ya tare ka a kasuwar Birniwa irin wannan kaya yake ɗauke da shi?

Kada kuwa mu ƙara wa alkawarin abin da babu a ciki. An yi mana alkawarin magana, ba na kuɓuta kullum ba. Manzannin da aka saki a sura 4 an yi musu bulala a sura 5. Ran 19 ga Fabrairu 2018 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe, a kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu. Ran 21 ga Maris suka komo da waɗanda suka rayu, ban da Leah Sharibu, 'yar shekara 14. Abokanta sun ce an nemi ta bar bangaskiyarta, ta ƙi. Ba ta shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Amsarta gajeriya ce, ta kuma biya ta da shekarun ƙuruciyarta.

Maƙwabtanmu Musulmi ba su ne waɗannan mutane ba, su ma sun sha wuya a hannunsu. Tare muke zuwa suna da jana'iza, rijiyarmu ɗaya. Shi ya sa Bitrus, da ya tsufa, ya ce mu kasance a shirye da amsa, amma da tawali'u da ladabi. Kada mu zagi abin da mutum yake girmamawa, gama wannan ba daga Ruhu yake ba, yana kuma iya jawo wa ekklesiya duka wuta. Kafin ka buɗe baki, yi addu'a cikin zuciya kamar Nehemiya sa'ad da sarki ya tambaye shi abin da yake so. Faɗi abin da ka sani, abin da Yesu ya yi maka. In tambayar ta fi ƙarfinka, ka ce, "Malam, wannan ban sani ba, amma zan tambayo." Ka kawo ta wurin dattawa ran Lahadi, a buɗe Littafi tare, ran kasuwa mai zuwa ka nemi mutumin ka kai masa amsarsa.