Baƙin Bayan Danga

A Damari, in rani ya tsananta, ƙishirwa kan koro namun dajin Birnin Gwari har bakin danga: kurege, bushiya, wani lokacin ma jan biri. Kalle su daga nesa, amma kada ka miƙa wa biri abinci. Ranar da ya ɗanɗana masara a hannunka ya gano gonarka ke nan, cizonsa kuma sai asibiti.

Bushiya kuwa a hana yara jifanta, baiwar Allah ƙwari take ci da dare. In tausayi ya kama ka, zuba ruwa a tsohon kasko a inuwa, kana sauyawa kullum saboda sauro. Hatsi dai kar a watsa kusa da rumbu, don ɓera zai fara zuwa, shi ne kuwa mai yaɗa zazzaɓin Lassa.